Wanzami a Hannun Mai Allura

Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina riƙe da aska a bakin Ƙofar Taramniya, ƙarƙashin wani dogon-yaro da ya girme ni. Na aske malamai, na aske mahauta, na yi wa manoman fadama ƙaho in sun shigo gari da ciwon jiki, kaciya kuwa ban san iyakar wadda na yi ba. Duk wanda ya zauna gabana yana rawar jiki, magana ɗaya nake gaya masa: "Haba namiji, cizon sauro ya fi wannan zafi." Ƙarya ce, na kuma san ƙarya ce. Allah Ya yafe mini, ko da yake Ya fara rama musu tun a nan duniya.

Karatuna bai taka kara ya karya ba. Allo na kai inda zan yi salla ba a yi mini dariya ba. Boko kuwa da gemuna na shiga ajin yaƙi da jahilci, na yi damina ɗaya na gudu. In kun ga rubutun a karkace, ku yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake.

Tun ina saurayi nake tashi da asuba ƙuguna a sandare, kamar an ɗaure mini itace a baya. Sai na yi alwala, na taka zuwa masallaci na dawo, sannan ya saki. Ciwon bayan manomi hutu yake so. Nawa kuwa in na huta ne yake fushi. Na ce sanyi ne. Na sha saiwa, na sha sassaƙe, abokan sana'a suka yi ta kafa mini ƙaho har bayana ya rasa wurin da babu tabo. A hankali na fara duƙawa, wuyana ya daina juyawa. In mutum ya gaishe ni daga gefe, sai na juyo gaba ɗayana kamar babbar mota a lungu, kafin in gama kwana ya kai gidansu.

Da 'ya'yana suka gaji da taurin kaina, suka kai ni asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan ya ɗaga hoton ya nuna mini. Ya ce gaɓoɓin ƙashin bayana ne ke kumbura daga ciki tun shekaru, har wasu sun haɗe kamar an yi musu walda. Abin da ya haɗe ya haɗe. Ya ba ni ƙwayoyin da za su kwantar da kumburin, ya ce in riƙa motsa jiki. Na samu sauƙi, ba laifi. Abu ɗaya ne bai bar ni ba, wata fizga da kan taso daga ƙugu ta harba sama kamar wutar lantarki, hannuna ya zabura ba da izinina ba. Wata safiya ta zo mini aska na bisa kunnen wani dattijo da na shekara talatin ina yi wa aski. Jini kaɗan ne, shi ma dariya ya yi. Ni ban yi ba. Na naɗe tabarmata, na koma gida Ƙofar Rini, na rataye zabirata, jakar fatar da nake zuba kayan aiki, a ƙusar bayan ƙofa.

Shekara biyu tana rataye, sai autarmu ta dawo gida da cikin fari wata bakwai, don ta haihu gaban uwarta. Duk 'ya'yana ni na yi musu askin suna, haka jikokin da suka riga zuwa. Wata rana tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta kawo mini koko ta zauna bakin gado, ta ce, "Malam, ɗiyarka ta ba ni saƙo. Ta ce abin da za ta haifa, ba wanda za shi ɗora mai aska bisa kai in ba kai ba."

"To wa za shi yi da? Ina raye?" Na faɗa da ƙarfi don a ji daga tsakar gida.

A raina kuwa na san abin da ke jirana. Wanda bai taɓa riƙe kan jinjirin kwana bakwai ba ba zai gane ba. Fatar kamar bayan ƙwai da aka ɓare, ga maɗiga a tsakiya, wurin nan mai taushi da ƙashi bai rufe ba, tana bugawa kana gani. Hannun da ke zabura ba shi da hurumi a wurin. Saura wata biyu, ni kuma na riga na buɗe baki.

A wannan makon, bayan sallar Juma'a, wani mutum mai kamar shekara arba'in ya durƙusa ya gaishe ni. Ɗan wani malami ne na unguwarmu, marigayi, abokin hirata. Ni na yi masa askin suna, ni na yi masa kaciya yana ɗan shekara bakwai, ranar da ya gantsara mini cizo a babban yatsa. Ya zama likitan gashin ƙashi, ya je ƙasar Sin ya koyo aikin allura, ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a unguwar Gidan Dare. Ya ce tun daga sahun baya yake kallon yadda nake ruku'u.

"Baba, ka zo in gwada maka allura. Ba ta miƙe abin da ya lanƙwashe, kuma ba ta kashe cutar. Amma wasu tana rage musu zafi, naman bayan ya saki. Wasu kuma ba ta yi musu komi. Sai mun gwada za mu san inda ka faɗa."

"Allura guda nawa?"

"Kamar sha biyu."

"A wata?"

"A zama guda."

Na ce masa ai ni ƙarfe abokina ne, ya ƙara biyu ma in yana so. Da na dawo gida ban iya cin tuwo ba.

Ranar Litinin na hau a-daidaita zuwa Gidan Dare. Ɗakin fes, gado mai tsayi, fanka na juyawa. Ya tambaye ni abin da nake sha, na ciro ƙwayoyin asibiti daga aljihu. Ya juya kwalin, ya karanta, ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla," ya miƙo mini. Ya kwantar da ni a gefe, ya tokare ni da matasai tunda rub-da-ciki ya fi ƙarfina. Ya yage wata takarda, ya nuna mini allurar, siririya kamar gashin wutsiyar doki, sabuwa dal, ya ce in an cire ba a sake amfani da ita. Na ji wani sanyi ya taɓa bayana, na kwarara salati har masu jira a waje suka amsa.

"Baba, auduga ce. Ban fara ba."

"Na sani. Salati ai ba shi da lokaci."

"Kwantar da hankalinka," ya ce, ina jin dariya a muryarsa. "Cizon sauro ya fi wannan zafi."

Shekara talatin da uku yana ajiye da wannan magana. Da ma an ce wanzami ba ya son jarfa.

Gaskiya shi bai yi mini ƙarya ba. Ɗan tsini ne, sai wani nauyi mai ɗumi ya bazu a wurin, kamar an ɗora tafin hannu. Ya jera su gefe da gefen ƙashin baya, wasu a bayan gwiwa, wasu kusa da idon sawu. Ina shirin tambayarsa mi ya haɗa ƙafa da baya, sai na farka na tarar da miyau a matashinsa. Da ya zare su na ce ya nuna mini jinin da ya fita. Ya ce babu jini. Na ce to ta ina cutar ta fita? A wurinmu in baƙin jini bai taru a ƙaho ba, ba a yi aiki ba. Ya ce shi ba fitar da komi yake yi ba, lallashi yake yi. Na riƙe wannan a raina ban yarda ba, amma da na sauko daga gadon na sa takalmina ban nemi bango ba.

Ya ce in riƙa zuwa Litinin da Alhamis. Ya koya mini tsayawa jikin bango ina jan numfashi har haƙarƙarina ya buɗe, safe da yamma.

Nan ne na yi wautar da ta sa nake wannan rubutu.

A sana'armu akwai ƙa'ida, ubana ya koya mini ita kafin ya ba ni aska. Hannu biyu ba sa hawa baya ɗaya. In mutum ya zo maka da sabon shacin ƙahon wani, ba ka taɓa shi sai wancan ya sallame shi. In kuwa ka karɓe shi, za ka tambaye shi abin da aka ba shi a can, ka duba, ka mayar masa, shi kuma ya san ma'anar haka: ya ajiye na can, yanzu a hannunka yake. Wanda ke hannunka yana shan maganin wani a ɓoye ya zage ka, ya ce bai yarda da kai ba. To ga yaron nan ya tambayi ƙwayoyina, ya duba, ya mayar mini. Na ce a raina, ɗan gidan malamai ne, kunya ta hana shi ya ce da sa'an ubansa ya bari. Ni kuwa na san sana'a, ba sai an faɗa mini ba. Zan girmama shi kamar yadda nake son a girmama ni.

Kullum da safe tsohuwata kan ba ni ƙwaya da koko. Sai in saka ta a kumatu, in yi kamar na haɗiye, in shiga ɗaki in jefa ta a zabira. Kwana goma na farko lafiya lau. Har majalisa na je ina cika baki, ina cewa mutanen Sin sun gama da magani, ina nuna yadda nake taɓa gwiwata.

Cikin mako na uku na farka da asuba na kasa tashi. Bayana kamar an zuba garwashi, idona na hagu ya yi ja, haske na soka shi. Fizgar da kan zo sau ɗaya a yini ta zo sau biyar kafin hantsi. A kwance na yi salla, da ishara. Ina jin autar tana tambayar uwarta a tsakar gida, "Inna, jikin Baba ne?" Uwar ta ce mata zazzaɓi ne, ta je ta zauna.

A ranar ne, da yake haihuwa ta matso, tsohuwata ta sauke zabira don ta shanya ta, ta fitar da asake a wasa su. Na ji shiru ya yi yawa. Sai ga ta da faifai, ta ajiye shi a gabana. Ƙwayoyi ne farare a kai, wasu sun narke gefe saboda miyau.

"Malam, kaji kake kiwo cikin zabira?"

Na ce zan yi bayani.

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta zauna ta kama gefen zanenta tana murzawa. "Yarinyar nan kullum sai ta tambaye ni, Baba ya sha magani? In ce mata ya sha, da hannuna na ba shi. Ka sa na yi ta yi wa mai ciki ƙarya. In ba ka iya askin, ka faɗa mata tun yanzu ta haƙura. Amma kada ka bari ta sa rai har ranar, kana nan kwance."

Na tsura wa ƙwayoyin da ke kan faifai ido.

Ita ta aika aka kira mai allura. Ya zo kafin azahar, ya zauna a ƙasa kusa da gadona, na kwashe ƙa'idar ubana na gaya masa, har da yadda ya mayar mini da kwalin. Na zaci dariya zai yi. Sai ya ce, "Laifina ne rabi, Baba. Na ce madalla, na ɗauka ka ji ci gaba da sha. Da na tuna gidan da ka fito da na faɗa da baki." Ya nuna asaken da ke shanye a bakin ƙofa. "Waɗannan su kaɗai ke aski? Ba ka jiƙa kai da ruwa da sabulu?"

"Wa ke aski a bushe? Sai mugu."

"To ni ruwa da sabulu ne. Askar tana asibiti. Ka yi mako uku ana shafa maka sabulu, gashi na ta tsiro."

Bai kafa mini allura ko ɗaya ba ranar. Ya sa aka ɗauke ni a motarsa zuwa wurin likitan farko, saboda idon, ya ce ba a wasa da shi. Can na sha faɗa daga yaron da bai kai ɗana na uku ba, na ce na gode. Aka ba ni maganin ɗigawa, aka mayar da ni kan ƙwayoyi. Da wutar ta lafa muka koma Litinin da Alhamis, da tsayuwar bango. Sauƙin bai dawo da gudu ba, da rarrafe ya dawo.

Autar ta sauka lafiya ranar wata Asabar, ɗiya mace, da gashi baƙi wuluk har goshi. Aka kawo mini ita na yi mata addu'a, na kalli gashin nan, na kalli hannuna. Kwana goma sha ɗaya ke nan fizga ba ta zo ba. Amma wa ya san na sha biyu?

Ranar Alhamis, saura kwana biyu suna, bayan ya zare allurai na ce masa na yanke shawara. Zan kira wani abokin sana'ata ya yi askin, ni in zauna gefe in riƙe ƙwaryar ruwa. Gara ɗiyata ta yi kuka da in zubar da jinin jikata.

Ya ce, "Kana da aska a nan?"

Wanzami ko ya yi ritaya ba ya rasa guda a aljihu.

Ya leƙa ya ce wa masu jira su ba shi rabin awa. Ya cire hula, ya jawo ɗan benci ya zauna a gabana, ya ba ni ƙeya. "Aske ni. In ka yanke ni, ka kira abokinka, ni ma zan goyi bayanka. Amma ka saurari bayanka kana yi. Da can zafi ya cika ko'ina, ba ka jin sallamar fizgar. Yanzu da ya ragu, ina zaton tana yin sallama kafin ta shigo. In ka ji wani abu ya ɗaure, ɗaga hannu, ja numfashi, ka jira."

Aka tafasa askar, aka kawo ruwa da sabulu. Na ɗora hannu a kan da na fara askewa yana ɗan kwana bakwai, yanzu har furfura ta fara leƙowa. Ban san na yi kewar ƙarar aska a kan gashi ba sai da na ji ta. Na gama dama, na zo tsakiya, sai na ji wani abu ya tsuke can sama da ƙugu, ƙarami, kamar an ja zare. Na ɗaga hannu. Na ja numfashi irin na jikin bango. Ta zo, ta fizge ni, askar tana sama ba ta taɓa kowa ba. Ta wuce. Na ƙarasa.

Ya shafa kansa ko'ina, ya duba tafinsa. "Ban ce ka warke ba, Baba. Na dai ce kana jin ta kafin ta iso. Sauran shawara taka ce."

"Matarka za ta gane ka kuwa?"

"In ta kore ni gidanka zan taho."

Ranar suna, bayan an yi fatiha a ƙofar gida an raba goro, na shiga ciki. Zaman tabarma ya fi ƙarfina, sai aka sa mini kujera da matashi a inuwar rumfa. Tsohuwata ta kife turmi ta zauna a kai, ta rungume jaririyar daidai inda hannuna ke kaiwa ba sai na miƙa ba. Mata sun kewaye mu, dangin uban yarinyar sun fi kowa matsowa. Na ce, "Sannu amarya. Kin zo kin tarar da angon ya lanƙwashe, haƙuri za ki yi." Aka yi dariya, na ji daɗi.

Na jiƙa kan da ruwa mai ɗumi. Na yi bisimilla na fara daga ƙeya, kaɗan-kaɗan, ina share askar a tsumma. Jaririyar ta yi ɗan ƙorafi ta koma barci. Na yi gefen dama, na yi na hagu. Saura tsakiya, inda maɗiga ke bugawa a ƙarƙashin kumfa. Ina kai hannu zaren nan ya ja.

Na ɗaga askar sama na tsaya.

Wata gwaggon uban ta ce, "Lafiya? Ko a kira wani ya ƙarasa?"

Tsohuwata ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Ku bar su. Shi da ita ne."

Na ja numfashi. Fizgar ta zo ta yi abin da za ta yi da ni, gumi ya karyo mini. Na jira har ta tafi, na ƙara jira. Sannan na sauke hannu, na bi wurin nan mai taushi da bakin aska, sau huɗu, ban fi nauyin ƙuda ba. Tsohuwata ta wanke kan, ta juya shi ga haske, ta duba gaba da baya. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sai guɗa ta tashi. Ni kuwa na nemi tashi na kasa, a kujerar na ci abincin suna, a nan na yi azahar.

Mai jegon ba ta fito ba. Jaririyar 'yar farinta ce, al'ada ta ce uwa ta nuna kamar ba ta san da ita ba, ko kallonta ba ta yi gaban manya. Sai da la'asar, da mutane suka ragu, ta fito a hankali ta durƙusa gefen kujerata, kanta a ƙasa.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa. An ce miki na yi kyau ko na ɓata?"

"Ko ƙwarzane babu," ta ce. "Har bayan kunne. Sau uku ina dubawa."

"Au, ashe kallonta kike yi? Inna, zo ki ji marar kunya!"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ban san dariya take yi ko kuka ba, ban kuma tambaya ba. Na ɗora hannuna a kanta na bar shi nan.